Shekarar da Ba Ta Cika Ba

Ƙarar guduma ce ta fito da Azumi daga banɗaki, buta a hannu, ko fuska ba ta goge ba. Ta tarar da wani mai walda a durƙushe bakin ɗakinta yana kwance ƙofar. A kansa Balarabe ne tsaye, ƙanin mijinta, da sabuwar wayar hannu maƙale a kunne duk da ba kowa a layin. Mijin nata, Alhaji Audi mai goro, ko sadakar arba'in ba a yi masa ba.

"Bala, me ke faruwa?"

"Gara ce, matar Yaya. Ta cinye ƙofar nan tas."

"Ƙofar ƙarfe ce fa."

"Ba ki san garar Legas ba."

Ta juya ta tambayi mai waldar da Yarbanci ina za a kai ƙofar. Shi dai bai ji labarin wata gara ba. Ya ce oga ya ce a kafa ta a shagon bakin titi. Balarabe ba ya jin Yarbanci sai na ciniki, amma ya tsinci "oga" a ciki, ya gyara tsayuwa.

"Aro ne," in ji shi. "Ke da kike takaba, ina za ki da har kike neman kulle ɗaki? Kullum kina ciki."

Mutum biyu suka ɗauki ƙofar, suka bi da ita ta dogon lungun da ya raba ɗakunan gidan suna kallon juna. 'Yan haya suka leƙo, suka koma. Azumi ta ɗauko tsohon zani ta rataya da ƙusa. Da jirgin ƙasa ya wuce ta bayan gidan, iska ta ɗaga zanin, duk wanda ke lungun ya ga gadonta da kwanon abincin jiya.

"Gidan nan nawa ne, Bala," ta faɗa ta bayan zanin. "Ka sani. Kana wurin aka yi."

"Ina wurin mana. Har goro na ci. In an zauna duk za a faɗa."

Kafin a zauna ɗin, abubuwa suka yi ta tafiya, kowanne da dalilinsa mai kyau.

Akwatin ƙarfen da Alhaji ke ajiye takardun gida tun ranar jana'iza Balarabe ya ɗauke shi, saboda gidan makoki kowa na shiga. Kuɗin haya ya ce shi za a riƙa ba, saboda bai dace mai takaba ta riƙa ƙwanƙwasa ɗakin gwauraye ba. Sai kuma tandar waina. Tun tana amarya Azumi ke toya waina a ƙofar gidan, direbobin danfo, motocin haya na Legas, da 'yan dako har layi suke yi. Da takaba ta zaunar da ita, sai Zeinabou ta karɓi tandar, wata 'yar haya mutuniyar Nijar da mijinta ke gadi a Ikeja. Azumi na haɗa ƙullu daga ciki, ita tana toyawa a waje. Wata safiya Zeinabou ta shigo da tanda a ka, ƙullun ko taɓa shi ba a yi ba.

"Inna, ya ce in tashi."

"Wa?"

"Mushe Balarabe," in ji ta, don a Nijar haka ake cewa Mista. "Ya kahwa lema, ya aje wata ɗiya da tebur, wai nan za a dinga buga waya ana biya. Na ce mishi wurin ga na da mai shi, ya ce in ban yi hankali ba ɗakina ma na da mai shi."

Balarabe da kansa ya zo ya yi bayani, yana tsaye a wajen zanin saboda ladabi.

"Hayaƙi yana lalata waya, matar Yaya. Kuma ni abin kunya ne a ce matar yayana tana neman na abinci ina raye. Ke kika riƙe ni lokacin da na zo garin nan da riga ɗaya. Yanzu ni zan ciyar da ke."

Ya kuwa ciyar da ita. Dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, don haka ya aiko da albasa. Bayan mako ya sake aiko da albasa.

Da aka yi arba'in aka zauna. Tun da ba ta fita, a lungun gidan aka shimfiɗa tabarmi, ita tana daga bayan zaninta. Malam Habibou, limamin masallacin layin, shi ya zauna a tsakiya. Tsoho ne, ya daɗe a Agege har Hausarsa ta Ƙonni ta fara sanyi. Shaidu suka jeru, dukansu 'yan kasuwar goro.

Babu wanda ya yi ƙarya, ko ɗaya. Kowa ya faɗi abin da ya gani.

Bayan rikicin ƙabilanci na Ketu, Alhaji Audi ya ga yadda aka binne abokansa, ya kuma ga inda matansu suka ƙare. Shi ba ɗa, ba jika, daga Azumi sai ƙaninsa. Ya daɗe yana juya maganar, sannan ya sami Malam ya ce yana so gidan ya zama na matarsa, don rabin bulon da ke jikinsa waina ce ta saya. Malam ya ce masa wasiyya ba ta tsayawa ga wanda yake da gado, sai dai kyauta, yana da rai da lafiya. Kuma kyautar gidan da miji ke zaune a ciki ba ta tabbata ga mata sai ya kwashe kayansa ya fita, ya bar mata, kar ya dawo da zama sai shekara ta zagayo.

Alhaji ya tara shaidu, ya furta, aka yi fatiha, aka raba goro. Washegari ya naɗe katifarsa ya koma shagonsa na kasuwa, yana kwana tsakanin huhunan goro. Kullum Azumi na aika masa da abinci. Matan layi suka ce ta kori mijinta da asiri. Maza suka ce tsoho ya zare.

"Haka aka yi?" Malam ya tambaya.

"Haka aka yi," in ji shaidu.

"To," in ji Balarabe, ya ajiye wayarsa a kan tabarma inda kowa zai gani. "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya ɗaya. A ina Yaya ya cika?"

Ya juya ga zanin.

"Matar Yaya, ke nake tambaya. A ina?"

"A nan. Kan gadon nan."

"Wa ya dawo da shi?"

"Ni."

"Shi ya ce a dawo da shi?"

"Bai ce ba." Ta ɗaga gefen zanin. "Damina ta shigo, shagon yana zuba. Ganyen goro kullum a jiƙe yake, sanyi ya shiga ƙirjinsa. Na je na tarar ƙafarsa ta kumbura, ya yi fitsari a kwance, ya rufe da buhu don kar yaran shago su gani. Na tsayar da danfo, na sa aka ɗauke shi. Har muka iso yana ce min, Azumi shekara ba ta cika ba, Azumi saura kaɗan. Na ce masa ya yi min shiru, ba zan bar shi ya ruɓe a kasuwa ba saboda bulo da siminti. Kai ina kake lokacin, Bala?"

"Albasa ta shigo, ba na samun kaina. Amma ina addu'a."

Malam Habibou ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Hajiya," ya ce, "ni na koya mishi hanyar nan, ni kuma zan faɗi ƙarshenta. Mai kyauta ya koma gidan kafin shekara, ya rasu a ciki. Kyautar ta warware. Gida ya koma gado. Tun da babu ɗa, ke kina da rubu'i, kashi ɗaya cikin huɗu. Saura na ƙaninshi ne."

"Malam, ina da tambaya ni ma."

"Ina jin ki."

"Da na bar shi ya mutu a cikin goron, gidan nawa ne?"

Malam ya dubi shaidu. Shaidu suka dubi tabarma.

"Da naki ne," ya ce. "Amma ladan jinya..."

"Na ji, Malam."

Malam ya juya ga Balarabe da sauri, kamar mai neman inda zai fake. "Akwai ƙofa guda. Magaji yana da ikon ya bar mata da kanshi, ya cika nufin ɗan'uwanshi. Kowa nan ya san abin da marigayi ya so. Wannan ya fi maka alheri, Balarabe."

Balarabe ya sunkuyar da kai har sai da aka zaci kuka zai yi.

"Wallahi Malam, don ta ni, da yau na bar mata. Amma tsoro nake ji. Ga shi can Arewa kowa ya koma kan shari'a, sai mu a nan mu tsallake abin da Allah ya raba? In na bar mata, gobe 'ya'yana su riƙe ni. Kuma ina tausayinta, kar ta zauna a kan abin da ba nata ba, a tsufanta. Ita ce uwata a garin nan."

Aka shafa fatiha. Wani daga cikin shaidun ya tambaya ko babu goro, aka ce yau babu.

Ranar da ta fita takaba, maimakon zagayen gaishe-gaishe, Azumi ta sa mayafi, Zeinabou ta raka ta Ikeja wurin wani lauya. Mahbub sunansa, haifaffen layinsu, da wainarta ya yi firamare. Ofishinsa ɗaki guda ne a saman shagon taya, fanka ba ta juyawa saboda babu wuta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya saurara har ƙarshe.

"Mama, akwai takarda?"

"Akwai rasit ɗin dangin Yarbawan da suka sayar masa da filin. Yana wurin Bala."

"Sunan wa ke jiki?"

"Na Alhaji."

"Na kyautar fa? An rubuta, an sa hannu, an kai ofishin filaye gwamna ya amince?"

"Gwamna kuma? Ina ruwan gwamna da gidana? An yi a gaban liman da manyan kasuwa. An yi fatiha, an raba goro."

"Mama, goro ba ya shiga fayil." Ya shafa ƙeya. "A Legas, in gida zai tashi daga hannu zuwa hannu, sai an rubuta, sai gwamnati ta sa albarka. A wurinsu ba a ba ki komai ba. In muka je kotu kuma, alƙali zai tambaya wane irin aure kuka yi, a ce na Musulunci, ya ce a kawo masanin da zai yi bayanin dokar. Wa za a kawo, abi? Irin su Malam Habibou."

Zeinabou ta buga cinya. "To wane irin aiki na wanga? Na masallaci ya ce an makara, na gwamnati ya ce ba a fara ba!"

"Me ya sa Baba bai zo wurina ba?" in ji Mahbub. "Ina wuce shagonsa kullum."

"Ya ce takarda ta masu rigima ce. Ya ce shi da ƙaninsa nono ɗaya suka sha."

Mahbub ya ce zai iya neman kotu ta dakatar da sayarwa, amma shari'ar fili a garin nan wanda ya shigar da ita ba lallai shi zai ga ƙarshenta ba. Ya ce aikinsa kyauta zai yi mata, sai dai kotu ba ta san kyauta ba. Azumi ta lissafa abin da ke ƙullin zaninta, ya isa motar komawa. Ta yi masa godiya, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa.

Da suka dawo suka tarar da motar kaya a ƙofar gida. Balarabe ya taso da iyalinsa daga Mile 12. Matarsa Rahmatu tana tsaye a tsakiyar ɗakin Azumi tana nuna inda za a sa kabad.

"Sannu da dawowa, Yaya. Ai cewa muka yi kaɗaici zai yi miki yawa."

"Ina kayana?"

"Mun gyara miki na ƙurya. Ya fi kusa da banɗaki, saboda ƙafarki."

Na ƙurya shi ne inda Alhaji ke ajiye kwandunan da suka lalace. Taga babu, bango ɗaya yana tsatsafar ruwan banɗaki. Gadonta bai shiga ba, don haka Rahmatu ta riƙe mata shi amana, aka ba ta katifar. Da yamma mai waldar nan ya dawo da ƙofar ƙarfe ya mayar a tsohon wurinta. Ba wanda ya sake tayar da zancen gara.

Azumi ta koma toya waina a kan kurfoti a bakin sabon ɗakinta, Zeinabou na zagayawa da ita tasha. Rahmatu ta ce hayaƙi yana sa yaranta tari. Aka hana. Ta koma yi wa masu abinci tsintar shinkafa. Balarabe ya ce hatsi yana jawo ɓera. Aka hana. Ƙwan lantarkin ɗakin ya mutu, ya ce zai sayo, ya kuma maimaita alƙawarin duk lokacin da suka haɗu, don ba mutum ne mai mantuwa ba. Ƙirjinta ya fara ƙara in tana numfashi. Zaninta ya fara zagaya ta sau biyu.

Zeinabou ce ke shigo mata da tuwo a ɓoye cikin bokitin wanki. Ranar da Rahmatu ta ɗaga wankin ta ga kwano, aka ba Zeinabou da mijinta zuwa ƙarshen wata.

"Ba kora ba ce," in ji Balarabe. "Baƙi ne, ba su da takardar zama. In 'yan sanda suka zo, sunan gidan Yaya ne zai ɓaci."

Da za ta tafi, Zeinabou ta tsaya a tsakiyar lungun da tabarma a hammata, ta ɗaga murya yadda har mai lemar waya za ta ji. "Bon, Mushe Balarabe, na tahi. Allah shi ba ka wanda zai yi maka jinya irin wadda ka yi wa yayanka!"

"Amin," in ji Balarabe, don bai saurara da kyau ba.

A bangon gidan ta waje akwai rubutun Turanci da jan fenti, irin wanda rabin gidajen Legas ke da shi, cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Alhaji ya sa aka yi saboda 'yan damfara. Wata Asabar aka zo da farin fenti aka shafe kalma ɗaya, wadda ke cewa ba. Sauran rubutun aka bar shi, tun da an riga an biya kuɗinsa.

Masu saye suka fara zuwa. Suna ƙwanƙwasa bango, suna leƙa rijiya, suna leƙa Azumi. Wani Bayarabe mai gidan burodi daga Abule Egba ya fi kowa dagewa. Ya tsaya a bakin ɗakin ƙurya ya tambayi Balarabe wace ce wannan.

"Kakarmu ce, za ta koma gida."

Azumi ta ba shi amsa da Yarbancin da ya fi na Balarabe tsabta. Ta ce ita ce matar mai gidan, kuma a nan take zaune. Mutumin ya cire hula, ya rusuna, ya ce Allah ya ja kwana, Mama. Sannan ya auna faɗin ɗakin da ƙafa, ya ce nan zai yi daidai da wurin ajiye fulawa.

Bayan ya tafi Balarabe ya zauna a kan turmi, ya yi murya mai laushi.

"Matar Yaya, ki duba. Rubu'in gida ba a yanka shi da wuƙa. In na ce ki ɗauki ɗakuna biyu, banɗakin na wa? Dole a sayar, a ba ki naki a hannu. Za a ɗan cire na likkafani, da na sadakar uku da bakwai da arba'in, da abincin da nake kawo miki, da na walda."

"Walda?"

"Cirewa da mayarwa. Abin da ya rage ya ishe ki mota har garinku, ki huta cikin danginki."

"Wane gari?"

"Wajen Gumel mana."

"Bala, a bayan tashar jirgin nan aka yanke min cibi. Kabarin ubana yana Agege, na uwata yana Agege, na mijina yana Agege. Gumel a bakin mutane nake jin ta. Wa zan ce na zo wurinsa?"

"Ai Hausawa ne. Za su gane ki."

Mai burodi ya ba da kafin alƙalami. Ba a jima ba aka ga sabuwar danfo ta Balarabe a ƙofar gida, an rubuta Haƙuri a gilashin baya. 'Yan haya suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya, lungun ya koma amsa kuwwa. Malam Habibou ya daina bi ta layin, sai ya zagaya ta bakin kwata in zai tafi masallaci, duk da ciwon gwiwarsa.

Ranar miƙa makulli sai da Balarabe ya je har gida ya ɗauko Malam, don a yi komai a kan ƙa'ida. Da hantsi aka fito da kayan Azumi ƙofar gida: katifa, ƙullin tufafi, tanda, buta. Ta zauna a kan ƙullin, mayafinta a kafaɗa. Tifa ta riga ta juye yashi a inda take toya waina. Mai burodi yana tsaye da magininsa suna nuna bangon da za a fara fasawa. Rahmatu ta kawo wa Azumi ruwa a kofi, karo na farko, ta ce a yafi juna.

"Malam, a yi mana addu'a," in ji Balarabe. "Yaya yana can yana jin daɗi an rabu lafiya, ba kotu, ba tashin hankali."

Malam ya ɗaga hannu. Bai kai ga buɗe baki ba okada ta tsaya a gabansu, ta watsa wa yashin ruwan kwata. Wani dogon mutum ya sauko, rawani a wuya, jakar fata a kafaɗa, ƙafarsa fari fat da ƙurar doguwar tafiya. Zai yi shekara talatin da wani abu. Ya biya ɗan okada, ya ƙirga canjinsa sau biyu, sannan ya yi sallama.

"Nan na gidan Alhaji Audi mai goro?"

"Nan ne, amma ya rasu," in ji Balarabe. "In bashi ne, an rufe."

"Na ji ya rasu. Direbobin goro sunka kai muna labari Maraɗi." Ya sauke jakar. "Sunana Souleymane. Ni ɗanshi na."

Balarabe ya yi dariya, ya duba ko wani zai taya shi. Ba wanda ya taya. Azumi tana kallon kunnuwan baƙon, da yadda ya tsaya ya karkata kafaɗar hagu kamar Alhaji. Ba ta buƙaci a rantse mata ba.

"Yaya bai taɓa haihuwa ba!"

"A nan. Can ya auri innata lokacin da yake kai goro, kahin ya zamna Legas. Sun rabu tana da cikina, bai koma ba. Waliyyin da ya ɗaura auren na da rai, shaidu biyu na da rai, suna tahe bayana cikin motar shanu. Ga kuma takardar alƙalinmu."

Ya miƙa wa Malam, don shi ne mai rawani. Malam Habibou ya sa tabarau, ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Malam, ka gaya masa an riga an raba!" in ji Balarabe.

"In wannan ta tabbata, ba a raba komai ba. Inda akwai ɗa namiji, ƙani ba ya gado."

"Ba ya samun nawa?"

"Ba ya samun komai. Ko buta. Cinikin da ka yi ma, ka sayar da abin da ba naka ba."

Mai burodi ba ya jin Hausa, amma ya ga fuskar Balarabe. Ya matso ya tambayi Azumi da Yarbanci me ake ciki. Ta fassara masa tsaf, ba ta rage ko kalma ba. Mutumin ya mayar da hularsa, ya kama Balarabe ta wuyan riga, ya aiki magininsa ya je ya tsaya a jikin danfon. Wayar Balarabe ta fara ƙara a aljihu, ba hannun ɗauka. Rahmatu ta karɓe kofin daga hannun Azumi ta shige ciki.

"Ni fa, Malam?" in ji Azumi.

Malam bai ɗago ba. "Ke kuma, Hajiya, rubu'inki ya koma sumuni. Kashi ɗaya cikin takwas."

"To."

Souleymane bai kula da kokawar da ake yi a bayansa ba. Ya ja da baya zuwa tsakiyar titi, ya ƙare wa gidan kallo daga tushe har kwano, yana ƙirga tagogi da yatsa. Ya tambayi mai lemar waya nawa ake hayar ɗaki a layin nan, ta faɗa masa, ya gyaɗa kai. Sai a lokacin idonsa ya sauka kan tsohuwar da ke zaune a kan ƙullin kaya, da tanda a gefenta.

"Wagga tsohuwa hwa? Hita take ko shigowa?"

Malam ya shiga naɗe takardar.

Azumi ta gyara mayafinta, ta dube shi ido cikin ido.

"Ni ce matar ubanka. Sauran kuma kai za ka faɗa."

Souleymane ya dube ta, ya dubi gidan, ya sake duban ta.

"Bon," ya ce, ya ɗauki jakarsa. "Ki dakata nan tukuna. Bari in ga cikin."

Ya tsallake katifarta ya shiga.